Littafin Meg da sabanin masu karatu: wa ke da gaskiya a kan ƙaton kifin nan?

Tambaya: Malam, ni da wasu abokaina mun saba zaɓar littafi ɗaya mu karanta, sannan mu haɗu mu tattauna a kansa. Wannan karon mun karanta Meg na Steve Alten, labarin wani ƙaton kifin shak na zamanin da, wato irin mafaraucin kifin tekun nan mai kaifin haƙora, wanda ya taso daga ƙarƙashin teku ya addabi mutane. Mun tashi baram-baram, domin wasu sun ce ba su taɓa karanta labari mai riƙe mutum kamarsa ba, wasu sun ce an ci mutuncin kimiyya, ɗaya daga cikinmu kuma ya dage cewa kifin yana nan da rai tunda har yau ba a gama binciken teku ba. A matsayinka na mai koyar da ilimin dabbobi, wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da abin da ba shi da ja. Kifin da littafin yake magana a kansa, wanda ake kira megalodon, ya rayu da gaske, kuma ya ƙare da gaske. Ya bayyana a tekunan duniya kimanin shekara miliyan 23 da suka wuce, kuma nazarin da aka sake yi wa burbushinsa a shekarar 2019 ya nuna cewa ya ɓace kimanin shekara miliyan 3.6 da suka wuce. Saboda haka abokinku na uku bai yi daidai ba, amma ina roƙon kada ku yi masa dariya, domin shi ne ya fi ku duka ɗaukar littafin da muhimmanci, kuma kuskurensa yana da tushe da ya cancanci a bi shi sannu a hankali. Sauran ɓangarorin biyu kuwa kowane yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma sabanin nasu ba sabo ba ne, tun fitowar littafin a Amurka a shekarar 1997 masu karatu suke rabuwa a kansa ta wannan hanyar.

Ga wanda bai karanta ba, jigon labarin shi ne cewa wasu daga cikin waɗannan kifaye ba su mutu ba, sun fake a can ƙasan kwazazzabon Mariyana da ke yammacin tekun Fasifik, inda marubucin ya ce maɓuɓɓugan ruwan zafi sun samar da wani ɗumammen muhalli, sannan ruwa mai tsananin sanyi da ke samansa ya zame musu shinge. Wani tsohon matuƙin jirgin nutso mai suna Jonas Taylor, wanda ya taɓa ganin kifin aka ƙaryata shi, ya koma wurin, kuma a garin haka wata tamata ta ketare shingen sanyin ta hanyar bin ɗumin jinin namijin da ake janyowa sama. Daga nan sai farauta da ɓarna har ƙarshen littafin.

Dalilin da ya sa irin wannan littafi yake raba kan masu karatu fiye da sauran ƙagaggun labarai yana cikin alkawarin da yake ɗauka da mai karatu tun daga shafin farko. Idan kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta kawo Dodo mai cin mutane a bakin kogi, babu yaron da zai tambaye ta nawa ne nauyin Dodo ko me yake ci a ranar da bai samu mutum ba, kuma idan ta gama takan rufe da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, wato ita da kanta ta shata iyakar tatsuniya da gaskiya. Labarin dodon kimiyya ba ya shata wannan iyakar, ƙarfinsa ma yana cikin ɓoye ta. Yana ambaton sunan wurin da ke kan taswira, da zurfinsa a mita, da sunan dabbar da haƙoranta suke ajiye a gidajen tarihi, sannan a tsakiyar waɗannan tabbatattun abubuwa ya dasa ƙagaggen abu guda da irin muryar da ya faɗi na gaskiyar. Mai karatun da bai san inda aka yi ɗinkin ba zai haɗiye duka, wanda ya san wurin kuma zai ji ɗinkin yana sukarsa a kowane shafi. Wannan shi ne asalin rigimarku, kuma yawancinta ta ta'allaƙa ne ga abin da kowannenku ya sani kafin ya buɗe littafin.

Abokanka da suka ji daɗin labarin ba su yi wauta ba, domin abubuwan da suka fi ba da tsoro a cikinsa na gaskiya ne. Haƙorin megalodon yakan kai santimita 18, ya cika tafin hannun babban mutum har ya yi saura, gefensa kuma yana da zarto. An daɗe ana tsintar irin waɗannan haƙora a Turai ana zaton harsunan macizai ne da suka zama dutse, har sai da masanin nan ɗan ƙasar Denmak, Nicolas Steno, ya feɗe kan wani babban shak ya wallafa a 1667 cewa haƙoran kifi ne. Yawancin ƙiyasin masana ya sa tsawon manyansu tsakanin mita 15 da 20, alhali farin shak da ake tsoro a yau da kyar yake wuce mita 6. An samu ƙasusuwan dabbar wel, wato ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, ɗauke da sawun cizonsa a wurare kamar Peru. Kwazazzabon Mariyana ma gaskiya ne, zurfinsa ya kusa mita 11,000, kuma a lokacin da aka rubuta littafin mutum biyu kacal ne suka taɓa isa ƙasansa, Jacques Piccard da Don Walsh, a cikin jirgin nutso mai suna Trieste a shekarar 1960. Maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙarƙashin teku kuwa shekara ashirin ke nan da gano su a lokacin, domin a 1977 ne jirgin Alvin ya ci karo da su kusa da tsibiran Galapagos, aka tarar da tsutsotsi masu tsawon kusan mita biyu da manyan kumbuna suna rayuwa cikin duhu, suna dogara da bakteriyar da ke samun ƙarfi daga sinadaran ruwan maimakon hasken rana. Wannan ganowa ta girgiza ilimin halittu, kuma marubucin ya yi dabara da ya gina gidan dodonsa a kanta. Mutumin da ya karanta ya ji tsikar jikinsa ta tashi saboda girman teku da ƙarancin saninmu game da shi ya ji abin da mu ma masu nazarin dabbobi muke ji.

Haka kuma ban yarda da mai cewa duk ƙagaggen abu a irin wannan labari laifi ne ba. Marubucin Ingila H. G. Wells, wanda yake cikin iyayen wannan fanni, ya bayyana ƙa'idar da yake bi, cewa a bar wa marubuci abu ɗaya da ba zai yiwu ba, da sharaɗin ya riƙe sauran labarin a kan gaskiyar rayuwa da hankali. A ganina wannan ma'auni ne na adalci. Cewa megalodon ya tsira ita ce ƙarya ɗaya da aka yafe wa Alten, domin in babu ita babu littafin. Tambayar da ta dace ita ce ko bayan an yafe masa wannan ya tsaya a nan, ko kuwa ya ci gaba da cin bashin haƙurin mai karatu.

A nan ne abokanka masu suka suke da hujja. Abin da masu karatu suka fi yawan nunawa shi ne buɗewar littafin, inda megalodon ya kama dainoso mai suna Tyrannosaurus, wato ɗaya daga cikin ƙattan dabbobin tudu na zamanin da, a bakin teku ya cinye. Wannan dainoso ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, wato akwai tazarar fiye da shekara miliyan arba'in tsakaninsa da megalodon na farko. Kuskure ne bayyananne, amma ni ba shi ya fi damuna ba, domin ana iya cire wannan babi labarin ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da ba ya ciruwa shi ne ɗumammen muhallin nan na ƙasan kwazazzabo, kuma shi ne ginshiƙin komai. Ruwan da ke fita daga bakin maɓuɓɓuga yana iya kai digiri 400 a ma'aunin Selsiyus, amma da zarar ya gauraya da ruwan da ke kewaye da shi, wanda bai wuce digiri biyu ko uku ba, cikin 'yan mitoci zafin ya watse. Bayan haka ruwan ɗumi ya fi ruwan sanyi sauƙin nauyi, don haka tashi sama yake yi, ba ya kwanciya a ƙarƙashin mai sanyi ya zama tafki mai faɗin da manyan kifaye za su yi iyo a ciki. Wurin da ake samun ruwan zafi kwance a ƙasan teku shi ne inda gishiri ya yi masa yawa har ya nauyaya shi, kamar wasu ramuka a tsakiyar Bahar Maliya da zafinsu ya haura digiri 60, kuma waɗannan ramuka saboda gishirin da rashin iskar shaƙa kifi ba ya rayuwa a cikinsu. Ruwan da aka auna a ƙasan Mariyana mai sanyi ne, tsakanin digiri ɗaya da biyu da rabi.

Sai matsin ruwa, wanda a can ƙasa ya ninka na bakin teku fiye da sau dubu. Kifin da aka taɓa ɗaukar hotonsa a wuri mafi zurfi wani ɗan ƙaramin kifi ne mai taushin jiki, a zurfin mita 8,336 a wani kwazazzabo kusa da Japan a shekarar 2022, kuma masana suna ganin wannan ya kusa iyakar da jikin kifi zai iya jurewa, saboda sinadarin da yake tarawa don kare naman jikinsa daga matsi yana da iyakar da in ya wuce ta ruwa zai riƙa kwarara cikin jikinsa. Piccard ya ce ya hango wani faffaɗan kifi a ƙasan Mariyana a 1960, amma masanan yau suna ganin wata halitta ce daban marar ƙashin baya. Dangin shak kuwa tun kafin nan suke sarewa, da wuya a same su ƙasa da mita 3,000, kuma a zurfin da ya kai rabin na Mariyana ba a taɓa ganin ko ɗaya ba.

Hujjar da ta fi duka ƙarfi a wurina ita ce ta abinci, domin ita ba ta buƙatar wani kayan awo, lissafi ne kawai. Wani nazari na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa megalodon mai tsawon mita 16 zai yi nauyin fiye da tan 60, kuma zai buƙaci kimanin kalori 98,000 a kowace rana, wato abincin manyan mutane kusan arba'in. Wani nazarin na 2023 da aka yi a kan sinadaran haƙoransa ya nuna cewa jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi da kimanin digiri 7, kuma dabba mai ɗumama jikinta ta fi mai sanyin jini cin abinci nesa ba kusa ba. To me ke ƙasan kwazazzabo? Ƙananan halittu ne dangin jatan lande, da tsutsotsi, da wasu masu rarrafe a laka, duk suna jiran ɗan abin da ya rage daga matattun halittun sama bayan an cinye mafi yawansa a hanya. Ajiye megalodon a wurin tamkar a ɗaure raƙumi a tsakar gida ne a ce ya rayu da tsintar hatsin da kaji suka bari. Kuma ba kifi ɗaya ake magana ba, domin kafin wani jinsi ya ɗore shekara miliyan uku da rabi dole a samu ɗaruruwa ko dubbai suna haihuwa suna mutuwa ba yankewa. Burbushin da muke da shi ya nuna dabba ce ta ruwan ɗumi kusa da gaɓa, har an gano a Panama wurin da ƙanananta suke girma a ruwa marar zurfi. Kafin zuriyarta ta koma zaman duhu da sanyi da yunwa sai ta sauya jiki har ta daina zama abin da za a kira megalodon.

Akwai kuma sukar da ba ta shafi kimiyya ba, wadda masu karatu da yawa suke yi, cewa mutanen labarin ba su da zurfin hali, ana gane mugu da na kirki tun daga sallamarsu, kuma matar jarumin, 'yar jarida mai kwaɗayin suna, an zana ta ne kawai don mai karatu ya ƙi ta. Ina ganin sukar tana da gaskiya, haka ma ƙorafin da ake yi a kan ƙarshen labarin, inda jarumin ya shiga cikin kifin ya yanke zuciyarsa da tsohon haƙori. Wanda ya zo neman gudun labari ba zai damu da wannan ba, wanda ya zo neman adabi zai damu, kuma babu awon da zai sasanta su.

Yanzu mu koma ga abokinku na uku, domin maganarsa ce ta fi buƙatar amsa. Hujjarsa ita ce ba a gama binciken teku ba, kuma wannan gaskiya ne, mafi yawan ƙasan teku idon ɗan Adam bai taɓa ganinsa ba. Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalai uku, kuma dukansu sun faru. A watan Disamba na 1938 wata ma'aikaciyar gidan tarihi a garin East London na Afirka ta Kudu, Marjorie Courtenay-Latimer, ta ga wani baƙon kifi a cikin kamun masunta, aka tabbatar silakant ne, dangin kifin da ake zaton ya ƙare tare da dainoso. A 1976 wani jirgin sojan ruwan Amurka kusa da Hawayi ya janyo wani shak mai ƙaton baki, tsawonsa kimanin mita huɗu da rabi, wanda babu masanin da ya san da shi. Ƙatuwar dabbar nan mai hannaye goma da ake kira sikwid kuwa sai a 2004 masanan Japan suka fara ɗaukar hotonta da rai a muhallinta. Idan waɗannan sun ɓuya, me zai hana megalodon?

Amsar tana cikin duba kowannensu da kyau. Silakant bai wuce mita biyu ba, yana wuni a kogunan duwatsu na ƙarƙashin ruwa, yana cin abinci kaɗan, kuma masuntan tsibiran Komoros sun daɗe da saninsa, masanan Turai ne ba su sani ba. Shak mai ƙaton baki ƙananan halittun ruwa yake tacewa, ba ya farautar abin da zai bar masa tabo. Ita kuma ƙatuwar sikwid, ko da yake ba a gan ta da rai ba, an ba ta suna a kimiyyance tun 1857, saboda gawarwakinta suna fitowa bakin teku kuma ana samun bakunanta a cikin tumbin dabbar wel. Wannan shi ne darasin misalin nata: babbar dabba tana iya ɓoye jikinta, amma ba ta iya ɓoye sawunta. Mafarauci mai nauyin tan 60 da ke cin wel zai bar gawarwaki masu cizon da faɗinsa ya wuce na kowane shak da muka sani, kuma a ƙarni na 20 jiragen farauta sun kashe wel kusan miliyan uku an feɗe su, ba a kawo rahoton irin wannan tabon da aka tabbatar ba.

Sannan ga haƙora. Kwarangwal ɗin shak guringuntsi ne, ba ya daɗewa bayan mutuwa, amma haƙorinsa yana da tauri ƙwarai, kuma kowane shak yana zubar da dubban haƙora a rayuwarsa saboda sababbi suna turo tsofaffi. Haƙori yana jure zamani fiye da yadda ake zato. A yankin Sakkwato, inda wani teku ya taɓa ratsa Sahara, an tono haƙoran shak da suka girmi megalodon da shekaru miliyoyi masu yawa, kuma a can ne aka samu ƙasusuwan wata dabbar teku mai rarrafe da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda Goronyo. Idan haƙoran tekun da ya ƙafe tun fiye da shekara miliyan hamsin suna nan, ai haƙoran kifin da ke raye yau za su cika ƙasan teku, farare sababbi. Duk haƙorin megalodon da aka samu tsohon burbushi ne.

Akwai wani labari da ya kamata ku sani, domin shi masu cewa kifin yana raye suka fi jingina da shi. Jirgin binciken Ingila mai suna Challenger ya yaso haƙoran megalodon biyu daga ƙasan tekun Fasifik a 1875. A 1959 wani mai bincike ya auna kaurin sinadarin manganis da ya lulluɓe su, ya yi lissafi da saurin taruwarsa, ya ce ɗaya shekararsa 24,000, ɗayan 11,000. Da hakan ya tabbata, da kifin ya yi zamani da mutane. Amma manganis ba ya taruwa da sauri ɗaya a ko'ina, yana iya tsayawa ko ya goge, kuma haƙorin da ya daɗe binne a laka sannan ruwa ya tono shi zai fara tara sinadarin ne daga ranar da ya fito. Masana sun daɗe da watsar da wannan lissafin, sai dai adadin nan biyu sun ci gaba da yawo daga littafi zuwa littafi ba tare da gyaran ba.

Shin laifin marubucin ne da mutane suka gaskata? A nan nakan bambanta abu biyu. Littafin Alten an rubuta a bangonsa cewa ƙagaggen labari ne, kuma wanda ya saya ya san abin da ya saya. Abin da tashar talabijin ta Discovery ta yi a 2013 daban ne, domin ta nuna wani shiri a sigar binciken gaskiya da ke cewa megalodon yana raye, ta sa 'yan wasa suka fito a matsayin masana, ta haɗa hotunan bogi, sannan ta saka wata gajeriyar sanarwa da yawancin masu kallo ba su lura da ita ba. Miliyoyin mutane suka kalla, kuma masana da masu kallo da yawa suka yi tir da tashar. Wannan yaudara ce, kuma ta fi kowane ƙagaggen labari yaɗa wannan imani. Duk da haka ba zan wanke marubutan irin wannan labari gaba ɗaya ba, domin wanda ya ari muryar kimiyya don a gaskata shi ya ɗauki wani nauyi, kuma yana da kyau ya ƙara shafi ɗaya a ƙarshe ya faɗa wa mai karatu inda gaskiya ta tsaya da inda ƙagen ya fara.

Ina ba wannan muhimmanci ne saboda abin da masu karatu suka ji yakan fita daga shafi ya shafi dabbobin da ke raye. Peter Benchley ya wallafa Jaws, labarin wani farin shak mai cin mutane, a 1974, aka mayar da shi fim a 1975, kuma tsoron da ya shuka ya sa mutane da yawa suka ɗauki shak a matsayin maƙiyin da ya cancanci kisa. Benchley da kansa ya shafe ƙarshen rayuwarsa yana fafutukar kare shak, yana bayyana cewa da ya san abin da ya sani daga baya da bai zana kifin haka ba. Alkaluman da ake tattarawa a gidan tarihin halittu na Florida sun nuna cewa mutanen da shak ke kashewa a duk duniya ba su cika wuce goma a shekara ba, alhali wani nazari na 2013 ya ƙiyasta cewa mutane suna kashe shak kimanin miliyan 100 a shekara, yawanci ta hanyar kamun kifi da cinikin fukafukansa. A ɗaya ɓangaren, Jurassic Park na Michael Crichton, wanda ya fito a 1990, an gina shi ne a kan abin da yanzu muka san ba zai yiwu ba, wato dawo da dainoso da rai daga sinadarin gadonsu, domin sinadarin gado na DNA mafi tsufa da aka iya karantawa shekararsa kimanin miliyan biyu ne, amma masana burbushin halittu da yawa na wannan zamani sun faɗa da bakinsu cewa wannan labarin ne ya fara jawo su fannin tun suna yara. Irin littafin guda yana iya haifar da tsoro marar tushe a zuciyar wani, ya haifar da son sani a zuciyar wani, kuma abin da ke bambanta su sau da yawa shi ne ko mai karatun ya samu wanda zai tattauna da shi bayan ya rufe littafin, kamar yadda ku kuka samu juna.

Saboda haka idan kun sake haɗuwa, shawarata ita ce ku ajiye tambayar ko littafin yana da kyau ko ba shi da kyau, ku ɗauki babin da Jonas Taylor yake bayanin yadda kifin ya tsira, ku bi shi jimla bayan jimla, kowa ya faɗi wacce ya ɗauka gaskiya ce da wacce ya ɗauka ƙage ce, sannan ku bincika. Za ku tarar masu suka ma sun ƙaryata wasu abubuwan da suke tabbatattu, kamar girman haƙoran da rayuwar da ke kewaye da maɓuɓɓugan, kamar yadda masu yabo suka haɗiye ɗumammen tafkin ba tare da tambaya ba. Akwai ma abu guda da nake zaton dukanku kun amince da shi ba ku sani ba, wato siffar kifin. Littafin da fim ɗin da aka yi daga gare shi a 2018 sun nuna shi a matsayin farin shak da aka kumbura, mai kaurin jiki. Ba a taɓa samun cikakken kwarangwal ɗin megalodon ba, haƙora ne da 'yan ƙasusuwan baya, mafi cika a cikinsu wani jeri ne da aka tono a Beljiyam. A da ana sa shi cikin dangin farin shak, yanzu yawancin masana sun mayar da shi wani dangi daban da ya ƙare, kuma nazarce-nazarcen 2024 da 2025 da suka sake auna ƙasusuwan bayan nan sun karkata ga cewa jikinsa ya fi yadda ake zanawa siranta da tsawo, har ɗaya daga cikinsu ya ce mafi girmansu zai iya kai mita 24. Wasu masanan ba su gamsu da wannan ba tukuna, kuma muhawarar tana ci gaba a mujallun kimiyya.